Taku Goma Sha Tara Tsakanin Baba da Ɗakinsa

Zuwa ga Mai Girma Manajan Darakta,
na kamfanin da ya sayar mini da gida a kan bashi,
ta hannun ofishinku mai kula da yankin Gumel.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Sunana Haruna Idi. Malamin lissafi ne ni a wata sakandaren gwamnati da ke ƙasar Gagarawa, iyalina kuma suna Gumel, a ɗaya daga cikin gidajen da kamfaninku ya gina ya sayar wa ma'aikata. Ban ambaci sunan kamfanin ba, don ba tozarci na fito yi ba, kuma kun san kanku. Wasiƙa uku na kai ofishinku, kowacce an buga mata hatimin karɓa, babu wadda aka amsa. Shi ya sa na shimfiɗa ta huɗun a bainar jama'a, ko wani da ya san ka zai kai maka labari.

Abin da nake nema takarda ce guda ɗaya, wadda za ta ce na gama biyan bashin gidana. Mahaifina yana kwance a zauren maƙwabcina yana jiran ta. Bari in gaya maka yadda aka yi ya kai can.

Shekara takwas da suka wuce na sa hannu a kan bashin shekara goma sha biyar, ana cire Naira dubu talatin daga albashina kowane wata. Na yi murna irin ta wanda ya gaji da wulaƙancin masu gidan haya. Na tafi ƙauyenmu kusa da Ɗanzomo na ɗauko mahaifina, Malam Idi, don ya sa albarka. Gidan ɗaki uku ne. Na ware na kusa da ƙofa na ce nasa ne, domin tun rasuwar mahaifiyarmu shi kaɗai yake kwana a wani ɗakin ƙasa da damina ke gutsura kowace shekara. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni nawa aka ba ni, nawa kuma zan mayar. Na faɗa masa. Bai yi boko ba, amma bai nemi alli ba kafin ya gane na biyun ya fi na farkon. Ya janye ƙafarsa daga dokin ƙofa, ya ce mini, "Haruna, ba na fushi da kai. Amma ba zan kwana ko in yi salla a ƙarƙashin rufin da kuɗin ruwa ke kansa ba. Ran da ka gama biya, ka kawo mini takarda in riƙe a hannuna, ranar zan shiga da ƙafar dama."

Yallaɓai, ban zo in yi muhawarar fiƙihu da kai ba. Akwai malaman da suka ce mini lalura ce ta sa ni, in yi istigfari in ci gaba da zamana. Na gode musu, sai dai ba su ne suka haife ni ba. Shekara takwas ke nan, duk ranar da Baba ya zo Gumel a gindin darbejiyar ƙofar gida yake shimfiɗa buzunsa. Tuwon gidan yana ci, don ya san geron daga gonarsa ya fito. Biyu daga cikin 'ya'yana a gidan nan aka haife su, a waje aka miƙa masa su ya yi musu addu'a. Da la'asar sai ya kaɗe buzunsa ya nemi motar gida.

Baba ya haura saba'in a lokacin. Ni malamin lissafi ne, na tara saba'in da goma sha biyar, amsar ta hana ni barci. Ni da maiɗakina Hajara muka yanke shawarar biya da wuri, ko me zai ci.

Ina so ka san abin da ya ci, tunda a ofishinku lambobi kawai kuke gani. Na sayar da babur ɗina na sayi keke. Ranar Lahadi da yamma nake tuƙa shi zuwa makaranta, in kwana a ɗakin ajiyar littattafai har Juma'a, abincina garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Ɗalibaina sun sa mini suna Malam Kwaki, suna zaton ban sani ba. Mun cire yara daga makarantar kuɗi mun mayar da su ta gwamnati. Babbar 'yarmu Ummi ta samu gurbin karatun jinya, muka ce ta haƙura shekara guda, shekarar ta zama uku. Layya biyar ban yanka ko ɗan akuya ba, sai naman da maƙwabta suka aiko, yara suna karɓa suna sunkuyar da kai. Hajara tana soya awara tun asuba. Sabulu ɗaya take raba uku da wuƙa, ta ɓoye biyu. Zannuwan fitarta guda biyu ne a duk shekarun nan, har ta daina zuwa biki don kada a gane zanin da ta zo da shi bara. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi.

Na kama hayar gona a ƙasar Gagarawa ina noma riɗi da zoɓo. A ɗakin Baba muke jibge buhunan har farashi ya ɗaga, sannan in sayar in kawo muku kuɗin ɗungurungum. Mutane da yawa sun ce in sa ɗan haya a ɗakin in rage nauyi. Na ƙi, don ba na so ranar ta zo in tsaya roƙon wani ya kwashe kayansa.

Yanzu ga ƙorafina, dalla-dalla.

Na ɗaya. Sau bakwai ina kawo kuɗin kaka ofishinku, ban da abin da ake cirewa a albashi. Kowane zuwa jami'inku yana karɓa da hannu biyu, ya ba ni rasit, ya ce da duk masu bashi irina ne da aikinsu ya yi sauƙi. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce biya da wuri yana da tara ba.

Na biyu. Bayan kakar da ta wuce na tambaye shi nawa ya rage. Shi ya danna na'urarsa, shi ya rubuta mini da hannunsa: Naira dubu ɗari shida da ashirin. Kuɗin riɗi bai kai ba. Hajara tana da saniya guda da ta gada daga mahaifiyarta, ana kiwon ta a hannun wani Bafulatani a ƙasar Sule Tankarkar. Ita kaɗai ce abin da za ta nuna ta ce nata ne a duniya. Da kanta ta ce a kai ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Saniyar tana da ciki, dillali ma ya ce asara muke yi. Muka sayar, na cika kuɗin, na kawo. Jami'in ya ce in dawo bayan mako biyu in karɓi takardar kammala biya da takardun gida.

A kan wannan magana tasa na aika wa Baba cewa ya shirya. Ya bar wa ƙanena gona, ya ba da jakinsa kyauta, ya ɗaure littattafansa, ya bi gida-gida ya yi sallama da mutanen ƙauye.

Na uku. Da na koma, sai aka ce babban ofishi ya ce ana bi na Naira dubu ɗari huɗu da tamanin, wai kuɗin biya da wuri. Na ce a yi mini bayani irin wanda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Aka ce wani ɓangare ne na kuɗin ruwan da kamfani zai samu da na bi a hankali na cika shekara goma sha biyar. Wato laifina shi ne na mayar muku da kuɗinku kafin ku gama cin ribarsa. Aka nuna mini sharaɗin a shafi na goma sha ɗaya. Kwafin yarjejeniyar da aka ba ni shafi tara ne, kuma a na taran sa hannuna yake. Yana nan a wurina ga duk mai son gani.

Na huɗu. Wata huɗu ke nan ana ci gaba da cire dubu talatin daga albashina. Jami'inku ya ce in kwantar da hankalina, a haka tarar za ta biya kanta cikin wata goma sha shida. Lissafinsa daidai ne, na duba. Abin da bai sa a ciki ba shi ne Baba.

Mako uku bayan na koma ƙauye na ce masa a ɗan ƙara haƙuri, Baba ya faɗi a hanyar masallaci. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi kwana goma sha biyu a asibiti a Gumel, aka sallame shi da sharaɗin a riƙa kawo shi kowane mako, abin da ba zai yiwu daga ƙauye ba. Muka ɗauko shi a adaidaita sahu zuwa gida. Na yi zaton ciwo ya sauke maganar. Da muka tsaya a ƙofa na sa hannu zan ɗaga shi, sai ya damƙe ƙarfen keken da hannunsa mai lafiya, ya ƙi saki. Bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai, amma na ji kalmar, takarda yake tambaya. Na tsaya a tsakiyar titi, ni mai shekara arba'in da shida, ina kuka a gaban 'ya'yana. Maƙwabcinmu Malam Sani direba, Allah ya saka masa da alheri, shi ya fito ya kwashe kayansa daga zaurensa ya ce a shigar da tsoho nan.

Can yake har yau. Zauren rufin kwano ne babu silin, ga zafin bazara, da rana sai mun jiƙa zani mun rufa masa. Babu makewayi, a fo muke ɗauke masa lalurarsa, mutumin da ko hularsa ban taɓa ganin ya cire a gaban surukarsa ba. Hajara tana tsallaka titi da kwanon kunu sau huɗu a yini. Daga inda yake kwance yana hangen tagar ɗakinsa. Mun kwashe buhuna, mun share, mun yi fenti, Ummi ta kafa ƙusa inda za a rataya gafakarsa. Na ƙirga tazarar da ƙafata, taku goma sha tara ne.

Zan gaya maka abin da nake jin kunyarsa. Makon jiya likita ya ja ni gefe ya ce duk abin da tsoho yake so a yi masa. Na gane abin da yake nufi. Na dawo gida na ɗauko rasit ɗin biyan ƙarshe, mai hatimi da sa hannu. Baba ba ya karanta boko, duk takardar da na miƙa masa zai karɓa. Na durƙusa na sa masa ita a hannu. Ya shafa hatimin da yatsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ta ce babu mai bin ka ko kwabo?" Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ɗakinsa, kuma a bakina take. Na kasa faɗar ta. Ya mayar mini da takardar ya ce, "Allah ya yi maka albarka da ba ka yi mini ƙarya ba." Ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini ciwo irin wannan ba.

Kada ka ce in je in ranto in biya ku. Babu sauran abin sayarwa a gidana, kuma in na ci wani bashin don in kashe wannan, tambayar Baba tana nan yadda take.

Don haka ina roƙon ka abu uku. Ka sa a ajiye kwafina kusa da naku a ga inda shafi biyun da babu su a nawa suka fito. Ka sa a dakatar da cire kuɗi daga albashina. Dubu ɗari da ashirin da aka riga aka cire, in mayar da su zai jawo jinkiri ko na kwana ɗaya, na yafe, ku riƙe. Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan, ka sa hannu a takardar kammala biya cikin makon nan. Takardun gida su biyo baya duk ranar da kuka ga dama. Idan kuma kun bincika kun ga ni ne mai kuskure, ka aiko wanda zai zo zauren Malam Sani ya faɗa wa tsohon da bakinsa, ni na gaji da kai masa wannan saƙo.

Yallaɓai, ban san ko mahaifinka yana raye ba. In yana raye, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa ya kwana a ɗakin da ka gina masa. In ya rasu, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Kai kuma Allah ya tsare ka daga haƙƙin mutane, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ni da ƙanena mun riga mun shirya yadda za mu ɗauke shi, shi ya riƙe kafaɗu, ni in riƙe ƙafafu, in tabbatar ta daman ce ta fara shiga. Ko ta yaya, Baba zai bar zauren nan a hannunmu ba da daɗewa ba. Sa hannunka ne zai nuna ko titi za mu tsallaka da shi, ko kuwa hanyar maƙabarta za mu bi.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Haruna Idi,
Gumel.