Akwatin Baba Tanimu

Laraba, bayan Isha'i

Da safe na kai babur wajen gyara.

'Yata Hafsat ta dawo daga makaranta da wata kalma da ta gagare ta: raree-show. Sau biyu na duba ƙamus, don ban yarda da Turancina ba. Ashe tsohon sunan akwatin kallo ne da baƙi ke yawo da shi a titunan Ingila, a leƙa ta rami a ga abin mamaki.

Sai na tuna Baba Tanimu da nasa akwatin a Ƙofar Kuyambana. Ta raminsa na fara ganin Ka'aba da teku ina yaro. Yakan ce mini, "Rufe ido ɗaya, ɗan Malam, Makka ba ta son gaggawa!"

Hafsat ta ce, "Abba, wato wayar katako ce?" Na kasa yi mata bayani.

Bara Baba Tanimu ya rasu, ban je ta'aziyya ba. An ce ranar Asabar za a rushe zaurensa. Ina son Hafsat ta ga akwatin, amma kunyar zuwa da roƙo nake ji.

Gobe:
- cika tukunyar gas
- gidan Baba Tanimu, ta'aziyya tukuna
- in bakina ya buɗe, in tambayi akwatin