Takunkumin Hasken da Kike Ba Amare Haya

Zuwa ga Hajiya mai shagon gyaran amare a Dogon Dutsi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kasuwa na tafiya. Ni ce malamar makarantar nan ta Dumega da ta karɓi hayar takunkuminki mai jan haske na gyaran fatar fuska ranar Talata. Ƙanwata Rakiya za ta yi aure Asabar mai zuwa, kuma ta sa suna a layin masu jiransa. Shi ya sa na ce bari in fara gwada shi a tawa fuskar, tunda ni ba wanda zai zo kallona.

Na farko. Kin ba ni shi jika biyu kwana ɗaya, kika ce in kwana da shi don kada kuɗina su tafi a banza. Na yi shekara huɗu a jami'ar Yamai, amma wannan hujja ta ci ni nan take. Sai da safe na tsinci takardarsa a gindin kwali, da Faransanci ƙarara: minti goma, ido a kare, kada a yi barci da shi. Ke kina ƙirga haya da kwana kamar kujerun biki, masu ƙera shi suna ƙirgawa da minti.

Na biyu. Na tashi fuska ja tana zafi, idanu kamar an zuba musu rairayi, ga shatin igiya daga kunne zuwa kunne. Batirinsa da na kwana a kansa ya yi zafin da zai dafa ƙwai. Innata ta leƙo da asuba, ta ga jar fuska tana walƙiya a kan gado, ta koma da baya tana neman tsari daga doguwa. Har yau daga nesa take gaishe ni. A asibiti an ce in guji rana. Hajiya, a kan babur nake zuwa aiki, a ƙasar Arewa.

Na uku. Na tarar da hodar wata a cikinsa. Ban san amaryar ba, amma yanzu mun zama 'yan uwa.

Ban ce abin ba ya aiki ba, ban sani ba. Kuɗina ma na yafe. Damuwata Rakiya ce: daren Alhamis ita ce za ta kwana da shi. Ta ga fuskata, ta ce fatata ce ba ta da haƙuri. Maganarki take ji, ba tawa ba.

Don haka ina roƙo ki faɗa mata da bakinki cewa minti goma ne, kuma a farke. Ki riƙa goge shi tsakanin fuska da fuska. Takardar nan kuma ki manna ta a ƙofar shago.

In hakan ya yi miki nauyi, ranar Asabar zan zauna a sahun gaba ba hoda. Duk wadda ta tambayi wa ya yi mini gyara, zan kwatanta mata shagonki dalla-dalla.

Allah ya ƙara ciniki, ya ba ki barci mai daɗi cikin duhu.

Wassalam.

Yayar amarya,
Dumega.