Murar Kajin Inna

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Yau shekara guda da Inna ta miƙo min kwandon kaji uku ta tagar mota a Garoua. "Ki riƙe su, ko asubarki ta yi kama da ta gida." Ni ina ta kallon angona Abdurrazak, ina jin kaina amaryar cikin littafi. Babu littafin da ya faɗa min a unguwar New Bell ta birnin Douala ruwa ake yi kamar ba za a daina ba.

Laraba, 10 ga Yuli
Jar kazar na atishawa. Majina a hanci, ido ɗaya ya kumbura. Na kira Inna, ta ce sanyi ne, in rufe su ruf, in daka tafarnuwa a ruwan shansu. Zana babu a nan, sai na naɗe akurkin da leda. Muryarta kawai ta sa ni kuka.

Alhamis, 11 ga Yuli
Duka ukun na minshari. Ko shafi ɗaya na littafin da nake karantawa na kasa gamawa.

Asabar, 13 ga Yuli
Hajja Latifa maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. "Ma fille, 'yata, dafa su kike yi?" Ta ɗaga ledar, wari ya buge mu, ƙasa jagab da kashi. Wai a arewa sanyi ake tsare wa kaza, a Douala damshi. Ta ware jar cikin kwali, ta tura ni wajen likitan dabbobi a unguwar Deïdo. Ya ba ni garin magani na kwana biyar, ya ce kada mu ci ƙwansu tukuna.

Talata, 16 ga Yuli
Jar ta mutu. Ita ce mai kwana ƙarƙashin gadon Inna. Abdurrazak ya ce, "Kaza ce fa." Amma daga baya shi ya haƙa ramin binne ta da kansa.

Juma'a, 19 ga Yuli
Biyun sun fara tonon ƙasa. Inna ta kira, ta ce in ƙara rufe su sosai kada su bi 'yar uwarsu. Na ce to. Ban taɓa ce mata to ina nufin a'a ba.
Gobe kafintan Hajja zai zo ya ɗora akurkin bisa ƙafafu, da raga ta ko'ina, irin na mutanen nan. Leda ba za ta koma ba.