Jan Biron Dakta Wagdi

Zuwa ga 'yata Nagat,

Gaisuwa mai yawa daga Kuwait. Yaya ƙarfin jiki? Yaya mamanki da maigidanki? Hoton suna ya iso. Na zagaya da shi wurin abokan gadina har suka ce, "Baba Shahhata, kai ka fara yin jika a duniya?" Allah ya raya Zainhum. Ni lafiya lau, gwiwar ce kawai, ita ma sai tsayuwa ta yi tsawo.

Amma hoton ya hana ni sakat. Takardun da kuka ƙunsa wa yara alewa da gyaɗa, shafukan tsofaffin mujallun zane ne na akwatin da ke ƙarƙashin gadona. Na gane jan biron marigayi Dakta Wagdi a gefen ɗaya. Da mujallun nan ya koya mini karatu a ajin yamma, ina ɗan shekara arba'in. Rayuwarsa ya ƙarar wajen neman waɗanda suka yi zanen ba a buga sunayensu ba. In ya gano mutum, sai ya rubuta sunan a gefen shafi, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Da ciwo ya kwantar da shi ya ce, "Riƙe mini su, Shahhata, har jami'a ta aiko a karɓa." Yanzu ko da ina gadi a bakin ƙofa, muryarsa nake ji.

Kada ki yi wa mamanki faɗa. Ba ta iya karatu ba, ni ne ban gaya mata ba. Ki kulle akwatin, ki tura mijinki gidajen layinmu ya karɓo takardun, ko da a yage. Waɗanda ba a samu ba, ki gaya mini gaskiya. In na dawo gida Damanhur, ni zan je kabarinsa in faɗa masa.

Babanki,
Shahhata