Gaisuwar Kwana Uku

Daren Laraba, unguwar Muciya

Manajan wani kamfani na Legas ya toshe ni, saƙona ba ya isa gare shi. Kwana uku ina gaishe shi a dandalin 'yan kasuwa na intanet: ina kwana, ya iyali, ya gajiya. Yau na so in kawo maganar waken suyan da suke nema.

Emeka, maƙwabcin shagona a unguwar PZ, har da riƙe ciki don dariya. "Alhaji, ya ɗauka ɗan damfara ne kai! Link ɗin shafinka da farashi kawai yake so."

Ni da na fara da buhu ɗaya, gaisuwa ce ta kawo ni inda nake a yau.

Saura wani manaja a Ibadan. Na rubuta masa farashi, na liƙa link ɗin, amma na kasa turawa. Ta yaya zan nemi ciniki wajen mutum ban tambayi iyalinsa ba?