Na Sake wa Motar Mijina Fatar Kujera

Malama Nives, don girman Allah ki taimake ni, kada ki ajiye wasiƙar nan sai wani makon. Ranar Juma'a mai zuwa za a sallamo mijina daga asibiti, ni kuwa na yi masa ɓarnar da ban san da wane baki zan faɗa ba. Kwana huɗu ke nan ban ci abincin kirki ba.

Shekararmu arba'in da ɗaya da aure a nan Vignola. Zan kira shi Ermete, ko da yake ɓoye sunan banza ne, duk wanda ya san motar ya san mai ita. Jar motar tsere ce mai kujera biyu, ba rufi, ɗaya daga cikin guda goma sha ɗaya da wani ƙaramin gareji a Modena ya ƙera da hannu a 1957 kafin ya rufe. A rumbun wani manomi ya tsinto ta muna sabon aure, kaji na ƙwai a cikinta. Injin ya kwance ya ɗaura ban san sau nawa ba, amma koɗaɗɗen fentin da kujerun bai taɓa sa musu hannu ba. Kujerun nan kuwa, Malama, abin kunya. Fata ta tsage ta yi baƙi, gashin dokin da aka cusa ya leƙo, ƙarfe na sukar mutum a baya. Sau ɗaya na shiga ta yaga mini siket ɗin da na ɗinka don bikin Ista, tun ranar na ce ni da ita sai kallo. Na sha ce masa ya gyara, sai ya yi murmushi ya ce, "Bar ta haka, yarinya, ba za ki gane ba." Ni na ɗauka rowa ce irin ta danginsu.

Masu tara tsofaffin motoci suna zuwa daga Jamus har Japan, manyan mutane da furfura, su durƙusa su cusa kai cikinta suna shinshina kamar masu duba miya. Ban taɓa tambayar me suke shinshinawa ba. Kofi nake kai musu in koma kicin.

Wata biyu da suka wuce Ermete ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka yi masa tiyatar zuciya, likitoci kuma suka ƙi ba ni tabbacin zai tashi. Gida ya yi mini shiru, na rasa inda zan sa kaina. Wata safiya na shiga garejin, na tsaya ina kallon kujerarsa, na ce a raina mutumin da aka tsaga wa ƙirji ba zai zauna kan wannan ƙarfen ba. Na kira Oreste, wanda ya yi mana kujerun falo, ya kwance duka biyun ya tafi da su. Bayan kwana goma ya dawo da su da sabon soso da sabuwar fata ruwan ƙasa, laushi kamar kuncin jariri. Don murna har hawaye na yi.

Ranar Litinin Gualtiero, amininsa, ya kawo takarda. An karɓi motar a gasar tsofaffin motocin da Ermete ya shekara bakwai yana nema, a rukunin motocin da ba a taɓa sabunta komai nasu ba. Ni da rawar jiki na ja shi gareji ya ga aikina. Ya leƙa, ya yi alamar gicciye, ya zauna daɓas a kan taya. "Baiwar Allah, wa ya aike ki? Wa ya aike ki? Ai gara ki cinna mata wuta!" Wai fatar nan ita ce shaidar motar. A kanta direban da ya yi tsere da ita daga Brescia zuwa Roma ya zauna, kwarmin jikinsa da guminsa suna nan, ɗinkin kuma na hannun matan da duk sun daɗe a ƙasa. Wai abin da baƙin nan suke ƙetaro teku su shinshina ke nan. Ni duk shekarun nan datti nake gani.

Na ruga wurin Oreste. Fatar kujerar fasinja ta fita lafiya, ta direba kuwa sai da ya sa wuƙa, ta rabu uku. Na same su cikin buhu a bayan shago, saura ƙiris ya zubar. Yanzu buhun yana soron sama, bayan gangunan binigarmu, wato ruwan inabin da muke tsimawa ya yi tsami.

Gualtiero ya ce akwai wani mutum a Torino da ke tsufar da sabuwar fata da ruwan shayi da rana da goga, ko alƙalan gasa ba sa ganewa. Mako uku yake buƙata. Nawa aikin shi ne in ce wa Ermete likita ya hana shi sauka matakalar gareji. Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ban da gishirin da nake rage masa a miya. Ga shi kullum a waya tambayarsa ɗaya, ko na lulluɓe motar, kuma ya ce yana dawowa zai fara zama a cikinta ko bai tayar da ita ba. Likita kuwa ya ja mini kunne, ban da tashin hankali. In na faɗa zuciyarsa ta tsaya, ni na kashe shi. In na ɓoye ya gano daga baya, da wane ido zan dube shi? Tsoro nake ji, Malama, tsoro sosai.

Mai Fargaba, Vignola

*

'Yar'uwata Mai Fargaba,

Ki fara cin abinci, marasa lafiya biyu sun yi wa gida ɗaya yawa.

Ba zan ce miki ba ki yi laifi ba. Kin taɓa abin da mijinki ya ce a bari, kuma abin da aka yanka ba zai koma daidai yadda yake ba. Mai yiwuwa gasar bana ta wuce shi, zai kuma ji ciwo ƙwarai. Amma shi ma da nasa. Shekara arba'in yana ce miki ba za ki gane ba, alhali bayanin da Gualtiero ya yi miki a kan taya bai kai minti biyar ba. Ya iya yi wa baƙi, ke ya bar ki da tiren kofi.

Maganar mutumin Torino ki watsar da ita yau. Alƙali da ido yake dubawa, mijinki kuwa da jikinsa ya san kujerar nan, yana zama zai gane. A lokacin ba kuskurenki kaɗai zai tarar ba, zai tarar matarsa da amininsa sun haɗa baki sun mayar da shi yaro. Wannan ya fi fata wahalar ɗinkuwa. Kuma shigar da jabu gasa da sunansa, bai sani ba, zubar masa da mutunci ne a gaban mutanen da yake ganin girmansu.

Ki sauko da buhun nan daga soro, zafi da tururin biniga za su ƙarasa fatar. Ki shimfiɗa ta a inuwa, kada ki wanke, kada ki shafa mai, kada ki bar Oreste ya sa allura. Akwai masu aikin ceto tsohuwar fata, suna liƙa ta a kan sabon shafi daga ciki, kuma Gualtiero ya san su. Ya yi amfani da saninsa a nan. Amma kada a fara komai sai mai motar ya ce.

Gobe ki sami likitansa ki gaya masa zancen duka, ki tambaye shi rana da yadda ya dace. In ya yarda, ki faɗa wa Ermete tun yana asibiti, inda akwai masu duba shi, ba a ƙofar gareji ba. Ki faɗa a taƙaice, ba kwana-kwana, ki ba shi haƙuri sau ɗaya da gaske. Sannan ki gaya masa ranar da kika kira Oreste da halin da yake ciki a ranar. Likitoci ba su san ko zai tashi ba, ke kuwa kina gyara masa wurin zama.

Zai iya yin fushi, zai iya kwana biyu bai yi miki magana ba. Ki bar shi ya yi. Wata biyu da suka wuce, da an ce miki zai dawo gida ya yi fushi da ke, da kin durƙusa kin gode wa Allah.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Nives