Kwamfuta Ta Ce Ƙugun Kwastoma Inci 322 Ne

Anti, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake, kuma a gida ba wanda zan gaya wa ya gane. Ki yi haƙuri da rubutuna, firamare kawai na gama.

Shekarata sha tara, a shagon ɗinkin Yayata nake, ni ke riƙe tef da littafin awo. Wata biyu da suka wuce na shiga ajin koyon kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, da ake yi a saman wani shagon gyaran waya. Yaya ta bar min safiya uku a mako, da sharaɗin in aka tace ɗalibai ban wuce ba, in dawo kan keke, a rufe maganar. Ranar Alhamis za a tace. Mu ashirin ne, takwas za a ɗauka.

Malaminmu shi ya ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin yaren kwamfuta don mu masu farawa. Umarni kike ba shi ɗaya bayan ɗaya: ajiye wannan, haɗa shi da wancan, idan kaza ne yi kaza. Amma kafin ki ajiye komai sai kin buɗe masa akwati, kin faɗi irin abin da zai shiga ciki, lamba ce, rubutu ne, ko e ko a'a. Kuma akwai wani abu da ke duba aikinki kafin ya bari ya tashi, 'yan aji na ce masa Maigadi. Anti, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

An ce kowa ya rubuta abin da zai amfani gidansu. Na ce na awo zan yi: a sa ƙugu, ya ƙara inci biyu na ɗinki, ya faɗi inda za a yanka. Na buɗe akwatin ƙugu na ce lamba. To amma mu a littafinmu ba kullum lamba ake rubutawa ba. Wata in ta zo ba ta son a zagaya ta da tef a gaban mutane, sai Yaya ta kalle ta kawai ta ce in rubuta "kamar na bara". Mai ciki kuwa "a saki" ake sa mata. Shekara goma ana haka, riga ba ta taɓa matse kowa ba. Ina sa waɗannan, Maigadi ya cika min ido da jan rubutu, wai na zuba rubutu a akwatin lamba. Alhali na riga na gaya masa idan "a saki" ne kar a haɗa komai! Ko gwadawa fa bai yi ba. Ta ina ya san zai lalace tunda bai bari ya tashi ba?

Kwana uku ina fama. Sai na yi dabara, na mayar da komai rubutu, har inci biyun. Tsit! Ba ja ko ɗaya. Na fita gaban aji ina ji da kaina, Malam ya sa 32. Kwamfuta ta ce a yanka a 322. Ashe manna biyun ta yi a gefe kawai. Aji ya kwashe da dariya, wani daga baya wai ko rumfar kasuwa zan ɗinka. Shi kansa Malam har da dafe tebur.

To Anti, ina adalci a nan? Aikin gaskiya an kore shi, shirme an buɗe masa ƙofa. Ni ce ba ni da kai, ko dama don 'yan boko aka yi abin nan? Wallahi ji nake kamar kar in sake taka benen nan.

'Yar tela mai takaici

Ƙanwata,

Na ji haushin dariyar nan kamar a kaina aka yi. Malamin da ɗalibarsa ta kawo aiki daga ainihin shago, ta yi kuskure, ya dafe tebur, bai kyauta ba. Yawancin masu dariyar na tabbata lissafin da aka ba su a allo suka kwafa.

Amma Maigadi bai zalunce ki ba. Na tambayi wata mai sana'ar kodin, ta ce shi ba ya bin aikinki ya ga abin da zai faru, ba ya kuma karanta niyya. Alkawarin da kika ɗauka kawai yake dubawa: kin ce akwatin nan na lamba ne, to kowane layi ya cika wannan, ko da layin ba zai taɓa aiki ba. Wani lokaci yakan kori aikin da ba zai yi ɓarna ba, a nan kina da gaskiya. An yarda da wannan tsauri ne don a kama kuskure kafin almakashi ya taɓa yadi. Da kika ce komai rubutu ne, sai ya yarda da ke, don manna rubutu da rubutu ba laifi ba ne a dokarsa. Ke kika rufe masa ido.

Littafinku na aiki ne saboda Yayarki na tsaye a kansa, ta san kowace kwastoma da awonta na bara. Kwamfuta ba ta san kowa ba. Don haka raba mata abin: akwati ɗaya na e ko a'a, an auna ko ba a auna ba, ɗaya na lamba, na ƙugu, ɗaya na rubutu, na "a saki" da 'yan uwansa. In an auna, a haɗa. In ba a auna ba, a nuna bayanin, tela ta yanke hukunci.

Gobe ki riga kowa zuwa, ki gyara, ki gwada da shafi guda na littafin awon. Sannan ki sami Malam shi kaɗai, ki nuna masa, ki gaya masa cikin ladabi dariyar ta yi miki ciwo. Ban yi miki alkawarin shiga cikin takwas ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma in kika zauna a gida, ke kika tace kanki, kin hutar da su. Ki hau benen nan ranar Alhamis.

Allah ya ba ki sa'a, ya sa albarka a hannunki, na kodin da na ɗinki.

Antinki